Katin Aro a Ƙofar Kotu

Ba zan ambaci sunan kowa ba a cikin wannan magana, har da nawa. Na gaya wa matar da ke rubuta min, ko bakina ya suɓuce na faɗi suna, ta tsallake shi. Suna ne ya kawo ni inda nake, na ƙoshi da shi.

Ɗana ya rasu wata ranar Alhamis bayan la'asar, a kan babban titin da ya fita daga unguwarmu ta Waziriyya. Yana tuƙa motar shagon da yake wa aiki, shagon katifu da gadaje, ya yi karo da motar ɗaukar ruwa. Shi nan take rai ya yi halinsa. Direban ruwan ya rayu, amma ƙashin bayansa ya karye, aka ce ba zai ƙara tsayawa da ƙafafunsa ba. Shekarar ɗana ashirin da tara, bai yi aure ba, kuma shi kaɗai Allah ya bar min. A lokacin ina kasuwar Bab Makka, na shimfiɗa ledata ina auna wa wata mata kuka da daddawa. Ba wanda ya kira wayata. Asibiti aminiyata suka kira, ita ta je, ita ta ga gawar, ita ta sa hannu, sannan ta zo kasuwa ta tsaya a kaina tana kallona har na gane.

Dalilin da ya sa ita aka kira, sai na koma baya. Ni da maigidana, Allah ya jiƙansa, daga Sudan muka zo aikin Hajji muka zauna, ba mu da iƙama, wato katin zama. Da naƙuda ta kama ni ta zo da gardama, kwana biyu ina abu ɗaya, unguwarzoma ta ce wannan ya fi ƙarfinta. Aminiyar tawa maƙwabciyata ce a lokacin, tana da iƙama, ita da mijinta. Ta ciro katinta daga ƙullin zane ta danƙa min, na rufe fuska, aka kai ni asibiti da sunanta. Haka mata da yawa suka yi a zamanin nan, ba mu muka fara ba. Yaro ya fito, aka rubuta shi ɗanta ne, ɗan mijinta. Da wannan rubutun ya shiga makaranta, da shi ya sami lasin tuƙi, da shi ya sami aiki. Ni na shayar, ni na goya, a ɗakina ya girma yana ce min Inna, ita yana ce mata Umma. Kowa a unguwa ya san ɗan waye. Hukuma ce kaɗai ba ta sani ba, mu kuma muka ɗauka wannan ba komai ba ne. Daga baya, da aka buɗe ƙofar gyaran takardu, na sami kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya min, na yi iƙamata, amma a cikinta ni mace ce da ba ta taɓa haihuwa ba.

Rana ta uku ta zaman gaisuwa na ji maganar. Na tashi zan yi alwala, mata biyu suna wanke kofunan shayi a bayan labule. Ɗaya ta ce wa ɗayar, mutanen da suka ciro shi daga motar sun ce sun ji wari. Ɗayar ta ce Allah ya rufa mana asiri, wanzami dai ba ya son jarfa. Na tsaya da buta a hannu har suka gama wanke-wanken. Ban ɗaga labulen ba.

Na san dalilin karin maganar. Ni mace ce mai ido, kuma ban taɓa ɓoye abin da na gani ba. A garin nan giya ba a kasuwa take ba, a ɓoye ake dafa ta a jarka, a zuba a gorar ruwa, fara tas kamar ruwan sha. Samari uku a unguwarmu na kama da hancina, kuma kowanne na taka har gidansu na gaya wa uwarsa a gaban ’ya’yanta. Ɗaya daga cikin iyayen ita ce mai wanke kofin nan da ta yi karin maganar. Ban yi da-na-sanin faɗa ba a lokacin, gani nake gyara nake yi.

Nawa ɗan kuwa, tun yana ɗan shekara goma sha biyar ba ya shiga ɗaki sai ya sunkuya ya sumbaci kaina, kamar yadda yaran garin nan suke yi, ni kuma in shaƙi numfashinsa. Ya san abin da nake yi. Yakan yi dariya ya ce, Inna, ke ya kamata gwamnati ta ɗauka aiki a bakin iyaka, ko allura ba za ta wuce ba. Shekara goma sha huɗu ina shaƙa, ban taɓa jin komai ba sai ƙamshin hel, ƙwayar nan da ake sa wa gahawa, wani lokaci da kanumfari. Saboda haka da na ji maganar matan nan, zuciyata ba ta ko girgiza ba. Na ce in akwai wari a wurin, daga ɗayar motar ya fito. Kuma wa ke shan giya da rana tsaka, ana kiran la'asar?

Amma magana ba ta mutu ba. Na ga yadda ake gaishe ni a taƙaice. Na ga yadda in an zo yi masa addu'a ake tsawaita roƙon gafara fiye da yadda ake wa sauran matattu. Wata ta ce min a kasuwa, tana zaɓar kuɓewa, Allah mai gafara ne ko mene ne bawa ya mutu a kai. Na ƙwace kuɓewata na ce ta je gaba. A ranar na ɗaura niyya: zan samo takardar hukuma wadda ta faɗi wanda yake cikin maye a ranar nan, in sa a karanta ta a tsakar gidan da aka yi zaman gaisuwa, a gaban matan nan duka.

Aminiyata na fara samu. Ta daɗe da barin Waziriyya, ’ya’yanta sun kama aiki sun ɗauke ta zuwa unguwar Safa, gidan sama mai na'urar hawa. Na girme ta da shekara biyu, Yaya take ce min. Na ce ta tashi mu je ofishin murur, masu kula da hanya, ta karɓo min rahoton haɗarin, tunda ita suka sani. Ta zuba min gahawa, ta tura min dabino, ta ce in bar mamaci ya kwanta. Na ce mamacin ba a bar shi ya kwanta ba, ana tona shi kullum a bakin famfo. Sai ta kawo maganar takardu. Ta ce in aka fara buɗe fayil ana tambaye-tambaye, wa ya san inda za a tsaya, in aka gano yadda aka yi rajistar haihuwar, ’ya’yanta biyar da jikokinta duk iƙamarsu za ta shiga ruwa. Na dube ta da kujerunta masu laushi, na ce a raina, ashe haka ne, kayan aro ba ya rufe katara. Na ajiye kofin ban sha ba.

Na tafi murur ni kaɗai. Mota biyu na hau, na ciri lamba na zauna tun hantsi. Da aka kira ni, wani saurayi ne a bayan gilashi, mai ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Na miƙa masa hoton katin ɗana da nake ajiye da shi. Ya danna na'urarsa, na ga idonsa ya tsaya a kan wani abu. Ya karɓi iƙamata ya duba, ya sake duba na'urar, ya ce, ya khala, wato gwaggo, ke wace ce a wurinsa?

Na san abin da zai biyo baya in na faɗi gaskiya, kuma duk haushin da nake ji na aminiyata, ba zan rushe mata gida ba. Na ce, maƙwabciya.

Ya ce Allah ya saka min da alheri da na damu da maƙwabci, amma wannan takarda ba a ba kowa sai magada, kuma yanzu ma duk abin yana cikin waya, mahaifiyarsa ta buɗe za ta gani. Ya kira lamba ta gaba. Na fito na zauna a kan dakalin bakin titi, rana tana dukan abayata, ina maimaita kalmar a bakina. Wata tara da kwana biyun naƙuda, na sayar da su da kalma ɗaya a gaban yaron da na isa in haifa.

A gefen ofishin akwai tsofaffi masu zama ƙarƙashin lema da ɗan tebur, suna rubuta wa irinmu takardun koke. Sun ragu yanzu, waya ta cinye musu sana'a. Na zaɓi wanda ya fi tsufa. Shi ya warware min yadda abin yake. Ya ce tunda direban ruwan ya nakasa, lalle maganar ta je kotu, kuma alƙali ya fitar da sakki, takardar hukunci. Ya ce a cikin sakkin nan komai yana nan: wanda ya shiga hanyar wani, abin da likita ya samu a jinin kowannensu, da wanda aka ɗora wa laifi. Na ce yaya zan same shi. Ya ce sai wanda sunansa ke ciki, ko wakilinsa na shari'a. Ya tambaye ni ni wace ce a wurin mamacin. Na ce masa ya rubuta koken kawai. Ya rubuta, na kai kotu, aka karɓa, ba a taɓa kira na ba. Na koma ya sake rubutawa. Na koma kotun da kaina sau huɗu, har mai gadin ƙofar mata ta san ni, takan ce hajja, yau ma? A kowane tebur tambayar ɗaya ce, amsata ɗaya ce. Sai da ta kai ina faɗar maƙwabciya ba tare da muryata ta yi rawa ba, wannan ya fi ba ni tsoro.

Haka shekara ta zagayo. Sau uku na koma Safa ina roƙo, ni da ban iya roƙo ba. Na ce ko ƙofar kotu ba sai ta taka ba, ’yarta ta buɗe waya ta karanta min. Ta ce lambar sirrin ta ɓace. Na ce a nemo. Ta ce wayar ta lalace. Ƙarya ba ta iya ta ba, idonta ƙasa yake kallo. Na daina zuwa. Azumi ya zo ta aiko min da abincin buɗa-baki, na mayar da kwanon yadda ya zo.

Abin da na yi bayan Sallah ba na alfahari da shi. Shekara arba'in ina kasuwa, ko ƙwayar gyaɗar wani ban taɓa ɗauka ba. Na shirya na tafi Safa kamar na huce. Ta yi murna har da hawaye, ta sa aka dafa min shinkafa da kifi. Da aka kira azahar ta shiga ɗaki yin salla, ta bar jakarta a kan kujera. Na san aljihun da take sa katin, hali ba ya canzawa. Na zare shi na cusa a ƙirjina. Lissafina mai sauƙi ne: da katin nan na shiga asibiti na fito da yaro, da shi zan shiga kotu in fito da takardarsa. Fuska a rufe, tsohuwa baƙa da tsohuwa baƙa, wa zai bambance? A kaina duniya tana nan inda na bar ta shekara talatin da suka wuce.

Washegari da sassafe na sa niƙabi na tafi. Mai gadin da ta san ni ba ta nan, na ce wannan alama ce. A teburin mata wata yarinya ce, ba ta wuce sa'ar ɗana ba. Na miƙa katin, na ce sakkin ɗana nake so. Karon farko ke nan da kalmar ɗana ta fita daga bakina a ginin nan, kuma da sunan wata ta fita. Ta ce in ɗaga niƙabi. Na ɗaga. Ta dubi hoton, tsohon hoto ne, ta dube ni, ta gyaɗa kai. Ta danna na'ura ta ce ga shi nan, shafi biyu ne. Na ce halas, an gama.

Sai ta turo min wani ɗan akwati mai gilashi ta ce in ɗora yatsa. Na ɗora, ya kawo ja. Ta ce in goge hannuna. Na goge da bakin mayafi, ya sake kawo ja. Ta yi murmushi ta ce kada in damu, tsofaffi zanen yatsunsu yakan goge saboda aiki, za ta aiko da lamba ta waya in karanto mata. Na ciro ’yar wayata mai maɓalli na riƙe. Muka zauna muna kallonta ni da yarinyar. Ba abin da ya shigo. Ta sake aikawa. Murmushin ya bar fuskarta, ta sake ɗaukar katin ta ɗaga shi kusa da fuskata.

A nan wayar ta yi ƙara. Aminiyata ce. Saƙon wurinta ya je, sau biyu, ’yarta ta karanta mata, ta duba jaka ta gane. Ba ta yi sallama ba. Ta ce, “Yaya, kada ki ce komai, kada ki tashi daga wurin.”

Aka kai ni wani ƙaramin ɗaki aka zaunar. Ba wanda ya zage ni, har ruwa aka kawo min. Na zauna kusan awa biyu ina tunanin ’ya’ya biyar da jikoki, da yadda na ɗauko wutar da take gudu na kawo har ƙofarta. Sai ga ta da sandarta, tana jan ƙafa, ’yarta na biye. Ta shiga yi wa shugabar wurin bayani da Larabcinta na kasuwa: ita ta aiko ni, gwiwoyinta ne suka hana ta fitowa, mu tsofaffi ne jahilai, ba mu san an daina aike da kati ba. Ta yi ta ba da haƙuri, tana kiran matar ’yata. Aka yi mana faɗa sosai, aka rubuta takardar alkawarin ba za mu ƙara ba, muka dangwala. Wannan karon aminiyata ta yi ƙaryarta ba ta kalli ƙasa ba ko sau ɗaya.

Da muka fito daga ɗakin, sai ta tsaya daidai teburin yarinyar nan. Ta juyo ta dube ni.

“Har yanzu kina so?”

“Ina so.”

Ta ɗora yatsanta, ya kawo kore. Aka buga shafi biyu, aka sa hatimi, aka miƙa mata, ta miƙo min. Takardar da ɗumi kamar gurasa.

A waje rana ta take. Ta ce wa ’yarta ta je mota ta jira. Ni ban tsaya ba, na nufi masu lema da ke tsallaken titi, don ban iya karatu ba, ko na allo iyakata abin da zan yi salla. Ta riƙo hannuna, riƙon da ban san tana da sauran ƙarfinsa ba. Ta ce ba sai baƙo ya karanta min ba, ita ta sani tun ranar. Ta ce a asibitin, kafin a nuna mata gawar, likita da ɗan sanda sun zaunar da ita da babban ɗanta suka gaya musu abin da aka samu a jinin ɗana, da gorar da aka ciro ƙarƙashin kujerarsa. Ta ce ɗana ne ya bar hannunsa ya shiga hannun mai ruwa. Ta sa ɗanta ya rantse ba zai faɗa ba. Da aka yi zaman kotu ita ta je, sau biyu, ta ce min asibitin ido za ta.

Na zare hannuna. Na ce ƙarya take, tsoron takardunta ne ya sa ta ƙaga wannan don in yi shiru. Na tsallaka titi ban ko duba mota ba. Na sami wani mai lema, ba tsohon da na sani ba, na ajiye masa takardar na ce ya karanta min da ƙarfi, a hankali. Ya fara. Ya karanta sunan ɗana, ɗan wane, mahaifiyarsa wance, sunan aminiyata. Ya karanta rana da wuri. Ya zo wani waje ya yi tari, ya ɗago ya dube ni, ya ci gaba da sauri. Larabcin takarda ba duka nake ji ba, amma ina kallon yatsansa. Na ce, ka tsallake layi biyu. Ya ce ba su da muhimmanci, hajja. Na ce koma ka karanta. Ya koma ya karanta. Kalmar maye na san ta, ba ta da wuya a kowane harshe. Direban ruwan kuwa jininsa tas.

Aminiyata ta iso da sandarta ta tsaya a bayana. Mai lemar ya naɗe takardar ya miƙo, bai san wa zai ba ba, sai ya ajiye a tebur tsakaninmu.

Ta ce, “Sunana ne a kai, Yaya. A gaban alƙali ni aka kira uwar mashayi, kuma na amsa. Ki bar min shi. Ke ki riƙe yaron da kika sani.”

Na ce, “Ni na haife shi.”

Ta ce, “Na sani. Ina bakin ƙofa riƙe da zanenki.”

Ta so su kai ni gida a mota, na ƙi. Na ɗauki takardar na hau motar haya. Da na shiga ɗaki na buɗe akwatin kayansa, wanda ban taɓa ba tun rasuwar. Na bi rigunansa ɗaya bayan ɗaya ina sa hannu a aljihu. Kowane aljihu da hel a ciki, uku, huɗu, wasu sun bushe sun fashe. Ni nake sayo masa. Duk ƙarshen wata nakan tsaya wurin mai kayan ƙamshi a Bab Makka in sa a auna min mai kyau, kore, in ce na ɗana ne, shi ba ya shan taba, wannan ne abin taunarsa. Har yabonsa nake a gaban mai shagon. Na tara su a tafin hannuna suka cika, na rasa inda zan zuba.

Ba a yi karatun tsakar gida ba. Matan nan ba su tambaye ni ina takardar da na yi ta cika baki a kanta ba, kuma shirunsu ya gaya min sun gane. Mai wanke kofin nan har kunu ta aiko min da na kwanta rashin lafiya. Na sha. Samarin unguwa suna wucewa ta ƙofata yanzu, wani in ya gaishe ni yakan kau da fuska don sabo. Ba ya bukata. Hancina yana nan, bakina ne ya mutu.

Abu ɗaya ya rage da na ga zan iya yi masa. Haƙƙin Allah tsakaninsu ne, amma haƙƙin mutumin da ya kwantar yana wuyansa, kuma mamaci ba ya iya zuwa neman yafiya. Na koma wurin tsohon mai lemar da na sani, ya duba sakkin ya gaya min unguwar da direban ruwan yake. Kwana uku ina tambaya a wurin masu motocin ruwa kafin a nuna min gidan, can ƙarshen wani lungu, ɗaki biyu a ƙasan bene. Na riƙo zuma da man zaitun. A hanya na yi ta shirya abin da zan faɗa: ban zo kare shi ba, ya yi laifi, ni ma na yi, na sa ido a gidajen mutane na bar nawa, a yafe masa don Allah.

Matarsa ce ta buɗe, da yarinya a kafaɗa. Ta bayanta ina hango ƙarshen gado da ƙafafu biyu a ƙarƙashin zane, fanka tana juyawa a kansu. Na yi sallama na ce na zo ne a kan maganar yaron da ya buge maigidanta. Fuskarta ba ta canza ba. Ta ce, ke wace ce a wurinsa?

Na ce, “Ni ce uwarsa.”

Ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ba da faɗa ba. Ta ce uwarsa ai sun san ta, tsohuwa ce mai sanda, tun suna asibiti take zuwa, kuma duk wata sai ta zo. Ta ce maigidan ya daɗe da yafewa, a gabanta ya faɗa, ta yi kuka ta sumbaci hannunsa. Ta ce wataƙila ni ’yar’uwarta ce, ko maƙwabciya?

Daga ciki mutumin ya yi magana, yana tambayar waye. Ta juya ta ce masa wata baiwar Allah ce daga unguwar su yaron nan. Na miƙa mata zumar da man. Ta ce in shigo in sha ruwa, na ce ina sauri. Ta yi godiya ta rufe ƙofa a hankali don kada yarinyar ta farka.